Daga Tahoua zuwa tafkin da kacalla ta cinye

Mun bar Tahoua da asuba, muka bi hanyar Ƙonni ta Badagishiri. Hantsi ya yi muka sauka daga kwalta zuwa wani tafki da ke yankin. Daga nesa sai ka rantse gonar gero ce. Kacalla ce, ciyawar ruwa da ta fi tsayin mutum, ruwan sai ka shiga jirgi kake ganinsa.

Mutane iri uku na tarar a bakin gaɓa: masu bincike da sandar awo, ma'aikatan gandun daji masu raba aiki, sai masunta da laujensu.

Abin da masu binciken suka nace a kai shi ne zurfin yanka. Ganyen kacalla ne ke kai iska ga saiwarta da ke kwance cikin laka. In aka yanke ta a saman ruwa, aski kawai aka yi mata. Sai an nutsa hannu an yanke ta kamar taƙi guda ƙarƙashin ruwa, kututturen ya zauna a nutse, saiwar ta shaƙe ta ruɓe. Yanka ɗaya ba ya isa, ana komawa sau 2 ko 3 in ta sake toho. Kuma a yanke ta kafin ta fitar da kai, don kai guda na ɗauke da iri sama da 100,000, iska ce ke raba shi. Wuta kuwa ganye take ci, saiwa na nan.

A nan ilimin takarda ya tsaya. Wani mai bincike ya nuna gefen gabas, sarkin ruwa ya girgiza kai: "Malam, nan kafin bazara ƙasa ce." Gaskiyarsa. Inda ruwa ke saurin janyewa kututture zai fito fili ya sha iska, aikin ya tashi a banza. Aka mayar da tutocin alamar wurin yanka wajen zurfi.

Abin da aka yanka ba a barinsa cikin ruwa, ruɓewarsa na kashe kifi. Ana jawo shi tudu a shanya, wani a saƙa tabarma, wani a yi taki. Masu yankan dai na buƙatar dogon takalmin roba, saboda tsargiya da matsattsaku.

Da la'asar, a hanyar da aka buɗe, na ga an fara jefa birgi.