Wata Na Uku: Lokacin da Waya Ke Yin Shiru

Mai sayar da kaya ta waya a Legas ba a makon farko yake karaya ba. Makon farko ai biki ne. 'Yan'uwa sun saya, abokai sun yi "Allah ya sa albarka", wata gwaggo daga Kano ta ce a ajiye mata biyu. Wata na biyu ma ana lallaɓawa. A na uku ne dangi suke gama sayen kara, sai ka ɗora hoto tun safe, har la'asar babu wanda ya ce "nawa ne?" A nan ne mutum ke fara zargin kansa, ko ya ce baki ne, ko ya kwana yana kallon bidiyon masu ƙarfafa gwiwa, ya tashi da zafi, zafin ya huce kafin azahar.

Ƙwarin gwiwar da ke kai mutum shekara a wannan harka daga littafin lissafi yake fitowa. Wanda ya san abin da ya shiga da abin da ya fita, shirun kwana uku ba ya firgita shi. Wanda bai sani ba, ko ciniki na tafiya yana cikin fargaba.

Mu ɗauki misali. A ce turaren wuta kake sarowa daga Maiduguri, kwalba ɗaya ta iso Agege a kan naira 4,000. Kana sayarwa 6,000, kana cewa ribarka 2,000. To zauna ka ƙirga. Leda, sitika da abin naɗewa don kada ta fashe, a ce 500. Kason data da talla a kan kowace kwalba, 300. Kuɗin motarka zuwa tasha ka ɗauko kaya, in an raba, 400. Kwalbar ta tsaya maka 5,200, ribar gaskiya 800 ce. In cikin kwalba goma ɗaya ta fashe a hanya, ka kashe 52,000, ka karɓi 54,000. Wahalar kwalba goma ta tashi a 2,000, ribar da kake zaton ta kwalba ɗaya ce. Mai wannan hali zai ga kuɗi na shiga asusunsa kullum amma jari na ƙanƙancewa, sai ya ɗauka ba shi da sa'ar kasuwa. Alhali farashi ne bai zauna daidai ba.

Akwai wani tarko a kan wannan. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo, farashin sari ba ya zama wuri ɗaya. Saboda haka kada ka ɗora riba a kan kuɗin da ka saro. Ɗora ta a kan kuɗin da za ka sake sarowa. Kafin ka buɗe sabon kwali, kira wanda kake saye a wurinsa ka ji farashin yau. In ba haka ba, za ka sayar da guda ashirin, ka koma kasuwa kuɗin ya saya maka goma sha bakwai, kana murna ka ci riba.

Sai raba aljihu. Asusun kasuwa daban, na gida daban, ko da Opay ne ko Moniepoint ka buɗe don wannan kaɗai. Ka yanka wa kanka albashi, komai ƙanƙantarsa, ka riƙa ɗauka ranar Juma'a ko ƙarshen wata. Kuɗin cefane da gudummawar biki su fito daga albashin. Uwar kuɗi ba a taɓa ta. Wannan ya fi kowane darasi wuya a wurinmu, don a zaman Legas wanda aka ga yana ɗora kaya a waya ana ɗauka ya samu, kuma kiran gida ba ya yankewa. Amma mutumin da ya iya cewa "ba yanzu ba, sai ƙarshen wata" cikin ladabi ya riga ya yi rabin girman da sana'ar ke nema daga gare shi. Haka bashi. In dole ne ka bayar, sa iyaka, a ce kada bashin da ke waje ya wuce kashi ɗaya cikin goma na jarinka, kuma a rubuce da rana.

Kai kaya kuwa, a garin nan shi ne ke cinye mutum da ransa. Daga Agege ko Mile 12 zuwa Ajah tafiya ce ta yini in gosulo ya kama, kuma tun watan Yunin 2022 gwamnatin jiha ta hana acaba a ƙananan hukumomi irin su Ikeja, Surulere, Eti-Osa da Apapa, don haka ba kowane mai babur za ka damƙa wa kaya ba. Nemi 'yan aike masu rajista, biyu ko uku, kada ka rataya a kan ɗaya. Ka ware ranakun kai kaya, a ce Talata da Asabar, ka haɗa na ɓangaren tsibirin Legas wuri ɗaya, na Ikeja da kewaye wuri ɗaya. Kuɗin aike a faɗa wa kwastoma tun kafin ya biya, kada ya ji shi a bakin ƙofa. Wanda ya ce sai kaya sun iso zai biya, ya fara turo kuɗin aiken. Dalili a fili yake: in ɗan aike ya isa ya tarar waya a kashe, kai za ka biya zuwa da dawowa. Kuma hoton rasit ko saƙon alat ba kuɗi ba ne. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna, sannan kaya su bar hannunka. Kayan da za su tafi Arewa a mota kuwa, ɗauki hoton kunshin, lambar motar da lambar direba, ka tura wa mai kaya nan take.

Yanzu mu koma kan shirun nan. Ciniki ba a hannunka yake ba, don haka kada ka auna kanka da shi kullum. Auna abin da ke hannunka: sabbin mutane nawa suka ajiye lambarka yau, tsofaffin kwastomomi nawa ka gaisar, hoto ko bidiyo nawa ka ɗora, minti nawa ka ɗauka kafin ka amsa tambaya. Maganar ajiye lamba ba ƙarama ba ce. A WhatsApp, wanda bai ajiye lambarka ba ba ya ganin sitatus ɗinka, kuma saƙon da kake turawa jama'a a dunƙule, wanda iyakarsa mutum 256 a jeri ɗaya, ba ya isa gare shi. Mutum na iya shekara yana talla ga mutum tamanin ɗin nan da suka riga suka gaji da ganinsa. Sa wa kanka ƙa'ida: sabbin lambobi biyar a rana. A wata uku sun haura ɗari huɗu. Ana samo su a Instagram da TikTok, a shafin saye da sayarwa na Jiji, a wurin biki, a katin da kake sakawa cikin kowane kunshi.

Ranar Lahadi ka duba alƙaluma uku: nawa suka gani, nawa suka tambaya, nawa suka biya. Kowane giɓi da ciwonsa. In ana gani ba a tambaya, hoton ne ko kayan. In ana tambaya ba a biya, farashi ne, ko kuɗin aike, ko rashin yarda. In ba a gani ma sam, to ba ka da jama'a tukuna, kuma rage farashi ba zai yi komai ba sai ƙara maka asara. Da yawa suna karya farashi a kan ciwon da ba na farashi ba.

Hoto ba ya buƙatar babbar waya. Hasken safe bayan rana ta ɗan ɗaga, kusa da taga, farin ƙyalle a ƙasa, a goge gilashin kyamara. Rubuta farashi a jiki. Wannan ɗabi'a ta "zo inbox" tana korar mai saye da gaske, ta bar maka masu tayi don nishaɗi.

Wani abin da ke tauye 'yan'uwanmu shi ne tsayawa a kasuwar Hausawa kaɗai. Alhali kilishi, zuma, dabino, yaji, humra da hular zanna suna da masoya cikin Yarabawa da Inyamurai da ba su san inda za su sami na ƙwarai ba. Hausarka da saninka na kayan Arewa su ne jarinka, amma bayanin kaya a rubuta shi da Hausa da Turanci mai sauƙi, kuma kada ka ji kunyar Turancin buroka a saƙon murya. Ba jarrabawa kake ba. Yarbanci kuwa ko gaisuwa ka iya, tana sassauta ciniki.

Idan kasuwa ta fara tsayawa da ƙafarta, yi wa sunanta rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Ana yi ta intanet da lambar NIN, kuma da takardar kake buɗe asusun banki da sunan kasuwa, wanda ke kwantar da hankalin baƙon da zai tura wa wanda bai taɓa gani ba dubu hamsin. Mai kunshe abinci ko kayan shafa da sunansa, ya san cewa wannan hurumin NAFDAC ne, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, gara ya nemi ƙa'idarsu tun kafin ya buga sitika dubu.

A tsara lokaci ma. Waya ba ta da ƙofar da ake rufewa kamar shago a Idumota, shi ya sa take bin mutum har shimfiɗa. Sa lokacin buɗewa da rufewa a WhatsApp Business, ka kunna saƙon da ke amsawa in ba ka nan, ka tanadi gajerun amsoshi na lambar asusu da kuɗin aike. Wanda ke amsa saƙo ƙarfe ɗaya na dare yakan wayi gari da jin haushin sana'arsa. Shafukan masu nuna tarin kunshi kuwa, kalle su don koyon ɗaukar hoto kawai. Ba ka ga littafinsu ba, ba ka san nawa ne na bashi ba.

Akwai kuma ranar da ya dace a saki wani kaya, ba tare da an saki kasuwar ba. Ba shi kwana casa'in na talla ba fashi. In jama'a sun ƙaru, ana tambaya, amma ribar gaskiya bayan duk kashe-kashe ba ta kai abin da zai biya lokacinka ba, sayar da ragowar a kan kuɗin sari, ka kwashe jarin. Sannan buɗe tsofaffin hirarrakinka na wata ukun, ka ƙirga abin da mutane suka riƙa tambaya kana cewa babu. Wanda ya fi maimaituwa, saro guda biyar kacal ka gwada.