Daga Almati zuwa Astana a jirgin ƙasa

Da la'asar jirginmu ya bar Almati, birni mafi girma a Kazakistan. Tun da duwatsun Tiyan Shan masu ƙanƙara a ka suka ɓace a bayanmu, ban sake ganin tudun kirki ba. Fili ne fetal, busasshiyar ciyawa, sai garken dawaki jefi-jefi. Na sha bin hanyar Tawa zuwa Agadas, amma wannan faɗin ya ba ni tsoro. Kazakistan ta haura murabba'in kilomita miliyan 2.7, wato ta ninka Nijar sau biyu, ga shi mutanenta miliyan 20 ne da 'yan kai.

Cikin dare muka tsaya a Sarishagan, gefen tafkin Balkash, wanda rabinsa ruwan daɗi ne, rabi na gishiri. Mata suka yi caa a bakin taragu da bandar kifi. Na miƙa tenge, kuɗin ƙasar, na sayi guda, kuma har gari ya waye ƙarninsa bai bar ɗakinmu ba.

Abokin zamana wani dattijo ne, jikarsa ke mana tafinta. Shayi kam ba ya yankewa, ruwan zafi na ƙarshen taragu. Da ya ji daga Nijar nake, sai ya buga cinya: "Yuraniyam!" Muka yi dariya. Mu muna da Arlit inda ake haƙo shi, su kuwa su ke kan gaba a duniya, wajen kashi 40 cikin 100 daga ƙasarsu ake haƙowa.

Abin da ya fi kama ni shi ne maganar mai. Tekun Kasbiya da suke gaɓarsa rufaffe ne, ƙasa ta kewaye shi ta ko'ina. Don haka yawancin ɗanyen man Tengiz, babban filin haƙar mansu, ta bututu yake bi, ya ratsa Rasha zuwa tashar Noborosisk a Baƙin Teku. Nan take na tuna 2023, da aka rufe iyakar Benin, kayanmu suka maƙale a Kwatano.

"Baba, idan maƙwabci ya rufe ƙofa fa?"

Ya kurɓi shayi tukuna. "Ɗana, shi ya sa muke gaida Rasha da safe, mu gaida Sin da yamma."

Da hantsi muka wuce Karaganda, taragun gawayin kwal jere ba iyaka, daga nan sai gonakin alkama. Astana, wadda ta karɓi matsayin babban birni daga Almati a 1997, ta tarbe mu da wata iska mai ratsa ƙashi. Dattijon ya dubi rigata, ya girgiza kai, ya nuna mini inda ake sayar da huluna.