Tirelar rodin da na sa wa hannu

Jiya na miƙa makullin ofis bayan shekara shida, kuma tirela ɗaya ta rodi ce ta fitar da ni.

An gwada samfuri, ya yi kyau. Tirela ta iso wurin aiki da almuru, oga ya bugo waya ya ce a sauke, lokaci ya ƙure. Na duba takardar gwaji na sa hannu, ban auna kaurin ko sanda ɗaya ba. Sai da aka zuba kankaren ginshiƙi biyu na ƙaramar gadar da muke ginawa, dattijon da ke ɗaurin rodi ya ja ni gefe: "Injiniya, wannan ƙarfen ba shi da ƙashi." Aka farfasa aikin mako uku. Sunana kaɗai ya fito a takardar tuhuma. Wanda ya bugo wayar ya ce bai tuna ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne tun a jami'a na san irin wannan labari. Gadar Brooklyn da ke New York, wadda ke rataye a jikin manyan igiyoyin ƙarfe huɗu, John Roebling ne ya zana ta. Jirgin fito ya murƙushe masa ƙafa a 1869, ya rasu kafin a fara gini. Ɗansa Washington ya gaje shi, shi ma aikin ƙarƙashin ruwa ya kwantar da shi, matarsa Emily ta riƙa kai umarninsa wurin aiki. A 1878 aka gano ɗan kwangilar da ke kawo wayar ƙarfe yana nuna wa masu dubawa mai kyau, a hanya a musanya ta da wadda aka ƙi. Ta riga ta shiga igiyoyin, ba ta ciruwa. Da yake an tsara su da ƙarfin da ya ninka buƙata sau da dama, Washington ya sa aka ƙara waya 150 a kowace igiya. An buɗe gadar a 1883, har yau ana hawanta.

Lissafin ninkin ƙarfin na haddace, na ci jarrabawa da shi. Zancen musanya a hanya kuwa na ɗauke shi hirar malami.

Wanda zai karɓi kujerata, ka hau motar da kanka, ka saurari masu ɗaurin rodi. Umarnin waya kuma, ka ce a turo a rubuce. Ma'aunin kauri na bar maka shi a aljihun tebur na sama.