Bin sawun zafi a cikin kwamfutar tebur

Kwamfutar teburin da nake aiki da ita ta daɗe ba ta ba ni ciwon kai ba, sai a hankali ta fara sauya hali. Da ƙara abin ya fara. Fanka ta riƙa gurnani ko da rubutu kawai nake yi. Daga baya nauyi ya shigo, in ina haɗa bidiyo sai aikin da ta saba gamawa nan da nan ya riƙa jan ƙafa. Ƙarshenta ta koma ɗaukewa ɗif ana tsakiyar aiki, ba gargaɗi, ba saƙon komai a fuskar allo. In na kunna ta nan take ba ta jimawa take sake mutuwa, amma in na bar ta ta huta sai ta tashi garau. Wannan hutun da take nema ne ya sa na zargi zafi, domin manhajar da ta lalace ba ta warkewa don an bar na'ura ta huce.

Shawarwari sun zo ta ko'ina. Wani ya ce in sake ɗora Windows, wani ya ce bairos ne, wani kuma ya ce in sayi babbar na'urar sanyaya kawai in huta. Ban bi ko ɗaya ba, saboda a cikinsu babu wanda ya tambaye ni digiri nawa furosesar, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, take kaiwa. Ni ma a lokacin ba ni da amsar, don haka daga nan na fara.

Na sauke HWiNFO, manhaja ce ta kyauta da ke karanto ma'aunan zafin da ke cikin sassan kwamfuta. Ba a komai, furosesar tana zaune sama da digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, alhali yawancin kwamfutocin tebur masu lafiya tsakanin 30 da 50 suke zama in ba a ɗora musu aiki ba. Da na sa mata Cinebench, wanda ke matse furosesa iya ƙarfinta, kafin in gyara zama lambar ta haye 99, ta taɓa 100, sai na ga gudun furosesar yana zubewa ƙasa. Tawa ta Intel ce, kuma iyakar da aka sa wa yawancin irinta digiri 100 ne. Da yawa daga cikin Ryzen na AMD kuwa 95 ne. In furosesa ta kai iyakarta, da kanta take rage gudu don ta sauke zafi, wannan shi ne nauyin da nake ji. In ragewar ba ta wadatar ba sai ta yanke wuta gaba ɗaya don kada ta ƙone. Ashe mutuwar da ke ba ni haushi kare kanta take yi.

Sai da na fitar da manhaja daga zargi kafin in taɓa sukurdireba. Na buɗe Task Manager, inda Windows ke nuna manhajojin da ke aiki, babu abin da ke cin furosesa a ɓoye. Na sake kunna kwamfutar na danna Del na shiga BIOS, shafin saitin na'urar da ake shiga tun farkon kunnawa, inda Windows ba ta ma tashi ba, na zauna ina kallon ma'aunin yana hawa sannu a hankali. Gaskiya ne a BIOS zafi kan ɗan fi na zaman banza a Windows, amma wannan hawan ya wuce misali. Matsalar a jikin ƙarfe take.

Abin da ya fi taimaka mini a dukan aikin nan shi ne riƙe hanyar da zafi ke bi a kaina. Daga furosesa yake tashi, ya ratsa man da ke samanta, ya shiga ƙarfen sanyaya mai faifai-faifai, fanka ta hure shi cikin iskar akwati, fankokin akwati su fitar da shi ɗaki. Ko'ina aka toshe a wannan hanya, alamar iri ɗaya ce: lamba ta hau. Shi ya sa mutum zai iya kashe kuɗi a kan sabon ƙarfen sanyaya alhali akwatin ne ba ya numfashi. Sai na yanke shawarar abu ɗaya zan riƙa gyarawa, in auna, in rubuta, sannan in matsa gaba.

Gwajin farko bai buƙaci komai ba. Na cire murfin gefe na sake sa Cinebench. Zafin ya ɗan sauka, ya daina kai wa 100 da sauri, amma bai bar yankin 90 ba. Wannan ya gaya mini abu biyu. Tunda buɗe murfi ya kawo sauƙi, iskar cikin akwatin ba ta fita yadda ya kamata. Tunda kuma sauƙin kaɗan ne, akwai babbar matsala a kan furosesar kanta.

Na kashe, na zare wayar wuta daga soket, na danna maɓallin kunnawa na ɗan riƙe don ragowar wutar ta fita, na taɓa ƙarfen akwatin don in sauke wutar da jiki ke tarawa. Kallon farko, cikin bai yi wani muni ba, ƙura ce sama-sama. Sai da na haska tocila ta tsakanin fikafikan fankar furosesa na ga ainihin abin. Ƙura da zare-zare sun haɗu sun yi kauri kamar bargo, sun kwanta a kan faifayen ƙarfen, daidai inda iska ya kamata ta ratsa. Na sa tsinke na ɗago gefe ɗaya, sai ta taso a dunƙule, da shatin faifayen a jikinta. Fanka tana ta juyawa da ƙarfi, tana ihu, amma iskar ba ta da wurin shiga.

Wajen hure ƙura akwai abin da nake so kowa ya kiyaye. A riƙe fanka da yatsa kafin a sa mata bulowa ko gwangwanin iska. In aka bar iska ta juya ta fiye da gudun da aka ƙera ta da shi, tana iya lalata abin da take juyawa a kai, daga nan ta fara ƙara har abada. Gwangwanin iska a tsaye ake riƙe shi, ana fesawa kaɗan-kaɗan, domin in aka karkata shi ruwa mai tsananin sanyi yake fesowa. Buroshi mai laushi ya isa ga abin da ya manne. Akwatin wuta kuwa, wanda ake kira fawa saflai, daga waje kawai na hure shi. Ba a buɗe shi. Akwai kafasitoci a ciki da ke riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi daga soket, kuma babu ƙurar da ta kai a sa rai a kanta.

Bayan shara, zafin ya sauko wajen 85 zuwa 88 a ƙarƙashin aiki mai nauyi, mutuwar ma ta tsaya. Mutane da yawa a nan suke rufe akwati su ce an gama. Ni ban gamsu ba, domin lambar tana tsalle daga ƙasa zuwa sama cikin daƙiƙa kaɗan da zarar aiki ya fara, kuma in na kai yatsa kusa da ƙarfen sanyayan sai in ji ɗumi kawai. Furosesa tana tafasa, ƙarfen da ke kanta yana ɗumi-ɗumi: zafin ba ya haurawa ke nan.

Ƙarfen sanyayan irin wanda Intel ke haɗowa da furosesa ne, mai ƙafafu huɗu na roba da ake dannawa su shige ramukan madabod, babban allon da sauran sassa ke haɗuwa a kai. Da na girgiza shi a hankali sai na ji ɓangare ɗaya yana motsi. Ƙafa ɗaya ta saki. Na juya dukansu na ɗaga shi, na tarar man da ke tsakani ya bushe ƙamas, ya tsattsage, yana ɓarewa gari-gari in an taɓa. Shatinsa ma ya ba da labari: gefe ɗaya a matse, ɗaya gefen da kauri, alamar ƙarfen a karkace yake zaune.

Aikin man nan ƙarami ne amma ba a yi sai da shi. Saman furosesa da ƙasan ƙarfe, duk da ido na ganinsu sumul, suna da ƙananan ramuka, kuma iskar da ke maƙalewa a cikinsu ba ta wuce da zafi. Man cike ramukan yake yi, ba ya sanyaya komai da kansa, don haka labta shi da yawa ba ya ƙara amfani. Na goge tsohon da sifirit na aisofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko sama, da ƙyalle marar gashi, har ƙarfe ya yi ƙyalli, na bari ya bushe. Na ɗiga sabo sau ɗaya a tsakiya, faɗinsa bai wuce milimita 5 ba, na ɗora ƙarfen a miƙe ba tare da murzawa ba. Ƙafafun a gicciye ake danna su, wannan kusurwa sannan mai kallonta, don matsin ya rabu daidai. Na leƙa bayan madabod na tabbatar kowace ƙafa ta fito. Sannan na mayar da wayar fanka a inda aka rubuta CPU_FAN, abin da ake saurin mantawa da shi in hankali ya tafi wajen man.

Ga mai furosesar AMD a soket ɗin AM4, wato gurbin da take zama a madabod, akwai ƙarin hattara. Busasshen mai yana iya manne furosesa da ƙarfen, in aka fizga sai ta biyo shi ta fito daga soket, ƙananan ƙafafunta su lanƙwashe. A bar kwamfutar ta yi aiki ta ɗumama tukuna, a kashe, a murza ƙarfen hagu da dama a hankali kafin a ɗaga.

Wannan gyaran ne ya kawo babban sauyi. Zafin aiki ya faɗo yankin 70, na zaman banza ya dawo ƙasa da 45, amma fa murfi a buɗe yake. Da na rufe murfin sai ya sake hawa da ɗan dama, katin hoto ma, wanda ke sarrafa abin da ke fitowa a allo, ya riƙa wuce 80. Saura maganar iska ke nan.

Akwatin nawa fanka ɗaya tak gare shi, a baya. Gaba akwai gurbin guda biyu masu milimita 120, ba komai a ciki. Ga shi kuma yana zaune a cikin ramin tebur mai rufaffen baya, iskar da ya fitar ita yake sake shaƙa. Na fito da shi sarari, na bar tazara tsakaninsa da bango, na ɗaga shi daga ƙasa inda ƙura ta fi taruwa. Na sa fankoki biyu a gaba suna jawo iska ciki, ta baya tana fitarwa. Gane fuskar fanka ba wuya: iska tana fita ne ta ɓangaren da ke da sandunan da suka riƙe injinta, wasu kuma suna da 'yar kibiya a gefe. Duk da haka na gwada da ɗan yankin takarda mai laushi, ta gaba ta tsotse shi, ta baya ta ture shi. Da gangan na sa masu shigarwa suka fi mai fitarwa yawa. In iskar da ke shiga ta fi yawa, rarar tana fita ta ƙananan kafofi, ƙura kuma ta raga mai tacewa kawai za ta bi. In akasin haka ne, akwatin ta kowace kafa yake zuƙo ƙura. Wayoyin da suka yi cunkoso a tsakiya na tattara su na ɗaure a bayan madabod.

A BIOS na daidaita gudun fankoki. Waɗanda kan wayarsu ke da ƙafa huɗu da PWM ake sarrafa su, wato siginar da ke faɗa musu gudun da za su yi, masu ƙafa uku kuma da rage ƙarfin wuta, wato DC, kuma in aka zaɓi wanda bai dace ba fanka na iya tsayawa a cikakken gudu ba sassauci. Na sa su yi shiru a ƙasa da digiri 50, su riƙa ƙaruwa daga nan, su kai ƙarshen gudunsu wajen 80. Da murfi a rufe, furosesa ta tsaya a yankin 70, katin hoto ya sauko ƙasa da 75, kuma buɗe murfin ya daina kawo wani bambancin a zo a gani.

Babbar na'urar sanyayan da aka ce in saya, ban saye ta ba, kuma ba don ina ganin ba ta da amfani ba. Ga furosesa mai cin wuta da yawa, ƙarfen da ya zo a kwali yakan gaza, sai mai tsayi da bututun jan ƙarfe. Wanda zai sa irinta ya auna faɗin akwatinsa da tsayinta kafin ya saya, ya kuma ɓare siririyar ledar da ke manne a ƙasanta. Na'urar sanyaya ta ruwa tana da kyau, amma tana da famfo, kuma ranar da famfon ya tsaya zafi yana hawa nan take ko da fankoki suna juyawa. Ga irin aikina, ban ga dalilin ɗauko wannan nauyin ba.

Abu ɗaya ne ya fi ƙarfin sukurdireba, shi ne zafin ɗakin kansa. Fanka ba ta iya sanyaya ƙarfe ƙasa da iskar da take hurawa, don haka in ɗaki ya ƙaru da digiri biyar, furosesa ma kusan haka za ta ƙaru. Saboda wannan, duk lokacin da na rubuta lambar furosesa nakan rubuta ta ɗaki a gefenta, in ba haka ba kwatanta awon safe da na rana yaudara ce. A ranakun da zafi ya tsananta kuma ina da dogon aikin bidiyo, ina shiga BIOS in ɗan rage iyakar wutar da furosesa za ta ci. Aikin yakan ƙara 'yan mintuna, zafin kuma ya sauka da digiri da dama. Ragar gaba ina cire ta in wanke duk lokacin da na ga ta fara yin toka-toka, in bari ta bushe sarai kafin in mayar.