Talata, ni da 'yar rakiyar furotin

Da safe ina soya wa Umma ƙwai na tsaya ina kallon kaskon. Ruwan ƙwan nan garai-garai, kafin ƙiftawar ido ya koma fari fat, ya daskare. Zafi ne ya warware furotin ɗin ciki suka manne da juna, kuma ko sun huce ba sa komawa yadda suke. Raina ya ce, ai ga mabuɗin jawabin da zan yi wa 'yan ajinmu jibi.

Jawabin a kan shaferon ne, furotin masu taimakon 'yan'uwansu su naɗu daidai. Ni dai 'yan rakiya nake kiran su. Kowane furotin yana fitowa ne kamar dogon zare, kuma yawanci ba ya aiki sai ya naɗe ya ɗauki siffarsa. Christian Anfinsen ya nuna cewa sirrin naɗin yana cikin jerin amino asid ɗin kansa, wato ƙananan tubalan da aka jera suka zama zaren, har ya samu kyautar Nobel a 1972. To amma cikin ƙwayar halitta cunkoso ne kamar kasuwa ranar cinta. Sabon zare na iya liƙe wa maƙwabcinsa tun bai gama naɗuwa ba.

Daga azahar har la'asar ina kan hoton GroEL, wata 'yar rakiya da ke cikin ƙwayar bakteriya mai suna E. coli, kuma sai yau ya zauna mini a kai. Zobe biyu ne, kowanne mai ɓangare 7, an haɗa su gindi da gindi kamar tukwane biyu. Bakin tukunyar yana da wurare masu ƙin ruwa, su ne ke cafke zaren da bai naɗu ba. Da ATP guda 7, wato sinadarin da ke ɗauke da makamashi a ƙwayar halitta, sun hau zoben, sai kawunan ɓangarorin nan da ke bakin tukunyar su miƙe sama su murɗa, wani furotin mai suna GroES ya kife a kai kamar murfi. Ɗakin da ke cikin tukunyar ya kusa ninka girmansa. Wuraren da suka riƙe zaren sun juya sun kama murfin, bangon ciki ya koma mai son ruwa, zaren ya faɗa ciki shi kaɗai. Kamar daƙiƙa 10 yake samu. Sai ATP sun hau ɗaya zoben sannan murfin ya ɗage. In bai naɗu ba, a sake kama shi.

Wallahi abin ya taɓa ni. Na daɗe ina zaton GroEL ce ke lanƙwasa zaren kamar mai ƙera. Ashe jikinta take sauyawa, ta ba shi ɗaki.

Bayan magariba aka ɗauke wuta, ina zane da fitilar waya. Umma ta leƙo.

"Wannan tukunyar fa?"

"Umma, ta cikin ƙwayar cuta ce. Mu ma akwai irinta a jikinmu, Hsp60 sunanta."

"Ikon Allah," ta ce, ta daɗe tana duban takardar.

Na roƙe ta aron ƙaramar tukunyar miyarta da murfin, in tafi da su aji. Ta yarda, da sharaɗin su dawo kafin girkin dare.