Yadda Ake Cire Tabo da Tsatsa a Jikin Silbar Mota

Galibin silbar motar da ka ga ta dushe, a wurin wanki aka kashe ta. Wani ya ga tabo ya ɗauko soson ƙarfe na wanke tukunya, wani toka, wani har sanfefa, a ganinsu ai ƙarfe ne, zai jure. Alhali abin da muke kira silba, wato kurom, shafe ne kawai. Ana fara shimfiɗa nikel, wani lokaci da jan ƙarfe a ƙarƙashinsa, sannan a ɗora kurom a sama, kuma kaurin wannan na saman bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin gashin kai ba. In ka kankare shi ya tafi ke nan, babu man da zai dawo da shi.

Kafin ka taɓa komai, gane abin da ke gabanka, domin ba duk mai ƙyalli ne ƙarfe ba. Ɗora mayen ƙarfe a kai. In ya kama, ƙarfe ne aka yi wa shafe, irin bambar tsofaffin motoci da salansar babur da wilinsa. In bai kama ba, ƙwanƙwasa da farce. Ragar gaba da tambari da hannun ƙofa na motocin yanzu kusan duk roba ce aka lulluɓe da kurom, za ka ji ƙararta ba ta fita tas kamar ta ƙarfe. Siririn da ke zagaye gilashin ƙofa kuwa sau da yawa alminiyum ne ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Wannan bambancin shi zai nuna maka iyakar ƙarfin da za ka sa.

Fara da wanki, a inuwa, jikin mota da sanyi. Watsa ruwa sosai ƙura ta sauka kafin tsumma ya taɓa wurin. Ƙurar hunturu yashi ne mai laushi, goge ta a bushe daidai yake da bin wurin da sanfefa. Cokali biyu na sabulun wanke mota a bokiti mai lita 10 ya wadatar, da tawul mai laushi, da tsohon buroshin haƙori saboda lungunan tambari. Ɗauraye ka tsane. Rabin abin da ka ɗauka tabo ne zai tafi a nan.

Fararen ɗigo-ɗigon da suka rage aikin ruwa ne. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da sinadarin alli, in ya bushe a rana ruwan ya tashi, allin ya zauna. Sabulu ba ya narkar da shi, abu mai tsami ke yi. Haɗa farin khal, wato ruwan tsamin nan da ake kira binega, kofi ɗaya da ruwa kofi ɗaya, jiƙa tsumma, shimfiɗa shi a kan tabon na minti biyu, goge a hankali, ɗauraye da ruwa mai yawa. In bai fita duka ba a maimaita sau biyu ko uku, hakan ya fi a bar shi ya daɗe a kai ya bushe. In babu khal, ruwan lemun tsami da aka tace aka sirka da ruwa daidai wa daida zai yi. Kada dai ka haɗa khal da ruwan bilic, iskar da suke fitarwa guba ce ga huhu.

Tsatsa ce ke buƙatar haƙuri. Kurom kansa ba ya tsatsa. Shafen yana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, danshi ya bi ta nan ya ci ƙarfen da ke ƙasa, tsatsar ta ɓullo ta bazu a sama. Shi ya sa wuri zai yi ja sosai, amma in an share sai a tarar ramin bai fi kan allura ba. Yago takardar foyil, irin wadda ake naɗe gasasshen kifi da ita, kamar faɗin tafin hannu, dunƙule ta sako-sako, tsoma a ruwa, ka riƙa gogawa ba tare da dannawa ba. Alminiyum ya fi kurom taushi nesa ba kusa ba, don haka yana ɗebe tsatsa bai karce shafen ba. Za ka ga wani baƙin ruwa yana fitowa, alamar aiki na tafiya ne. Share shi, sake jiƙawa, canza takardar in ta yi datti, domin ɓarɓashin tsatsar da ya maƙale mata shi ne zai yi karce. In da wadda ta ƙi, akwai soson ƙarfe na musamman mai lamba 0000, a sa masa ɗan mai a gwada a ɓoyayyen wuri tukuna. Wannan duk na ƙarfe ne. Kurom ɗin da ke kan roba ba a kai masa foyil ko soso, tsumma da sabulu da khal su ne iyakarsa.

Kwalta da ƙaron itace, kananzir kaɗan a tsumma, a bari minti ɗaya ya yi laushi, a share, a bi da sabulu. Kashin tsuntsu a jiƙa shi ya saki da kansa, kada a kankare, akwai tsakuwa a cikinsa.

Masu babur suna da nasu ciwon kan a salansa. In leda ko robar takalmi ta narke ta manne a jikinta, a tayar da inji kaɗan wurin ya yi ɗumi, a kashe, a ture da tsinken katako, sauran kuma a bi da kananzir bayan ƙarfen ya huce gaba ɗaya. Shuɗin da ke fitowa kusa da inji daban ne, zafi ne ya sauya launin ƙarfen. Man goge ƙarfe yana rage shi, amma in ya yi yawa ko yana saurin dawowa a sa bakanike ya duba kafireto, domin in iska ta rinjayi fetur inji yakan yi zafi fiye da kima.

Akwai abubuwan da bai kamata su kusanci silba ba ko da wasa. Ruwan wanke masai yana da asid mai narkar da kurom, zai ba ka haske nan take, bayan kwana kaɗan wurin ya yi dishi-dishi. Ruwan batir ma kada ya taɓa ta. Soda mai ƙuna da garin sabulun wanki mai ƙarfi su ne ke sa siririn alminiyum na gefen gilashi ya yi fari kamar an zuba masa madara, kuma wannan farin ba ya wankuwa, fatar saman ce ta ƙone. Haka in ka ga shafe ya kumbura ko yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, daina gogawa. Sai dai a sake shafe, ko a sayi wani, kuma gefensa yana yanka hannu.

Da zarar wuri ya fita, a rufe shi a ranar, in ba haka ba raɓar dare ɗaya ta isa ta dawo da tsatsa a ramukan da ka buɗe. Tsane shi sarai, shafa man goge mota mai kaki siriri, jira ya yi hazo kamar minti biyar, goge da busasshen tawul. A maimaita duk wata biyu ko uku, da damina kuwa duk wata. Sannan ka roƙi mai wankin motarka ya riƙa tsane silba da tawul tun kafin rana ta busar da ita.