Kayan mamaci: a fara rubutawa kafin a raba

Sau da yawa rigimar gado ba daga gida ko gona take farawa ba, daga babbar riga, agogo da littattafai ne, waɗanda kowa ke ɗauka cikin kwanakin zaman makoki da sunan "abin tunawa".

A rufe ɗakin mamacin tun ranar jana'iza. Bayan an natsu, a lissafa komai a takarda gaban shaidu biyu da ba magada ba. A ware kayan ɗakin matarsa da ajiyar mutane, waɗannan ba gado ba ne. A biya bashi, har da ragowar sadaki in akwai, sai wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi.

Sannan a yi wa kowane abu kuɗi. Zinare a kai shi awo, a bi farashin ranar rabo. Idan kayan sun kai naira 800,000 kuma akwai 'ya'ya, tumunin mata, wato kashi ɗaya cikin takwas, 100,000 ne, shi za su raba ko su huɗu ne. Wanda ke son agogon, a cire kuɗinsa daga kasonsa. In biyu suka nace, ƙuri'a.

"Baba ya ba ni" kuwa, a mazhabar Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba har wanda ya bayar ya rasu, ta koma gado.